Wane Suna Za Mu Ba Wurin da Ake Koyon Ƙera Labari?

Shekarun baya an gayyace ni wani taro na kwana uku da aka shirya wa matasan marubuta. A jikin ƙyallen da aka rataya a ƙofar zauren an rubuta "taron bita da horaswa". A takardar gayyata kuwa "taron ƙara wa juna sani" aka sa. Da mai gabatarwa ya karɓi lasifika, sai ya yi mana barka da zuwa wannan "wokshop" mai albarka. Direban da ya sauke wasu baƙi kuma na ji yana tambayar mai gadi ko nan ne ake semina. Abu guda, suna huɗu. Ranar farko ta tafi a jiran babban baƙo da jawaban buɗe taro. Rana ta biyu malamai uku suka gabatar da ƙasidu a kan jigo da salo. Rana ta uku aka raba takardar shaida da kuɗin mota, aka yi hoto, aka watse. Wata yarinya da ta zauna kusa da ni ta zo da littafin rubutu cike da labarin da ta ce ta yi wata bakwai tana fama da shi. Kullum da safe takan fito da shi daga jaka ta ɗora a cinya. Haka ta koma da shi gida, babu wanda ya buɗe ko shafin farko.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma da na daɗe ina juya shi sai na ga waɗannan sunaye huɗu suna da hannu a ciki. Bahaushe ya ce suna linzami ne. Abin da ka kira taro da shi, shi ne zai gaya wa mai shirya shi yadda zai jera kujeru, da wanda zai ba lasifika, da abin da zai ce mahalarta su zo da shi.

Kalmar wokshop da muka aro, a gidan da ta fito tana nufin rumfar mai sana'ar hannu, inda kafinta ke fiƙe katako ko makaniki ke kwance inji. Faransawa ma, waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar suka yi boko da harshensu, da sunan rumfar mai sana'a suke kiran irin wannan zama, wato atiliye. Larabawan yau sukan ce warsha, ita ma wurin aikin hannu ce. Duk ukun daga wajen masu sana'a suka ɗauko sunan. A Amurka, Jami'ar Ayowa ce ta yi fice da shirin irin wannan zama na marubuta tun daga 1936, kuma Paul Engle, wanda ya riƙe shirin daga 1941 zuwa 1965, shi ya kai sunansa duniya. Tsarin da aka sani da shi ba mai wuyar faɗa ba ne. Ɗalibi zai raba wa abokan zamansa abin da ya rubuta tun kafin ranar haɗuwa, kowa ya je ya karanta ya yi masa alama. Ranar zama sai a baje rubutun a tsakiya, ana faɗin inda ya yi rai da inda ya mutu, mai shi yana zaune shiru yana saurare. A nan Nijeriya, zaman da Chimamanda Ngozi Adichie ta riƙa shiryawa duk shekara a Legas da sunan Farafina ya bi wannan sawu ta fuska guda mai muhimmanci: ba a ɗaukar mutum sai ya aika da samfurin rubutunsa.

Mu kuwa da muka tashi raɗa wa abin suna da Hausa, ba mu leƙa kasuwa ba, ajin makaranta da ofishin gwamnati muka nufa. Ɗauki "horaswa". Horo kalma ce mai fuska biyu. Ana horar da soja da ɗan ƙwallo, ana kuma yi wa mai laifi horo mai tsanani. Ana horar da doki har ya bi linzami, ana horar da shanun huɗa har su miƙe kunya. Ko ta wace fuska ka duba, akwai babba mai tanƙwarawa da ƙarami da ake tanƙwarawa, kuma buƙatar ita ce a ƙarshe duk waɗanda aka horar su fito iri ɗaya. Wannan ya dace da ma'aikatan rigakafi ko malaman zaɓe, waɗanda ake so su cika takarda ɗaya ta hanya ɗaya. Marubuta ashirin da suka fito daga taro suna rubutu iri ɗaya kuwa an yi asara.

"Taron ƙara wa juna sani" ya fi daɗin ji, kuma ina son kalmar "juna" da ke cikinsa. Sai dai an riga an ba wannan suna aiki a jami'o'inmu da ma'aikatu: masani ya hau mumbari ya karanta ƙasida, a tafa, a ba mutum uku damar tambaya. Ita kanta kalmar ƙasida abin lura ce. A Larabci waƙa ce doguwa, mu muka mai da ita takardar da ake karantawa a taro. Sani kuwa, duk da darajarsa, dabam yake da iyawa. Mutum zai iya sanin ma'anar jigo da warwarar jigo da zubi da tsari, ya ci jarrabawa a kansu, ya kasa sa mace da mijinta su yi musu a shafi guda har mai karatu ya ji kamar a tsakar gidansu ake yi. Waɗannan kalmomi na nazari, waɗanda malaman Hausa na jami'o'i suka sha wahalar daidaitawa har aka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad, kayan aikin mai duba gini ne bayan an gama shi. Magini na buƙatar su, amma da cokalin gini da igiya yake tayar da bango.

Semina da lacca da kwas ba sa buƙatar dogon bayani. Baƙi ne da suka shigo ta ƙofar boko, kuma kowa ya san a cikinsu mutum ɗaya ke magana.

Saura bita, kuma a kanta nake so in daɗe, amma sai na fara ratsawa ta wani wuri. Rikicin sunan wurin koyon ya samo asali ne daga wani rikici da ya girme shi, wato na sunan abin da ake koya ɗin.

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin ba da labari. Akwai tatsuniya, wadda a wasu wurare ake kira gatana, daga kalmomin da ake buɗe ta da su. Akwai almara, akwai hikaya, akwai ƙissa, akwai tarihi, akwai shi labarin kansa. Kowace da matsayinta a idon jama'a, kuma ma'aunin da ake auna su da shi guda ne: gaskiya ce ko ƙarya? Ƙissa tana can sama domin ta annabawa ce da sahabbai, ba a wasa da ita. Lanƙwasar da ta raba ƙ da k ce kaɗai ta raba ta da kissa, wadda ake jingina wa mata masu iya zama da miji, kuma na sha ganin matasa suna rubuta ɗaya a wurin ɗaya. Tarihi abin da ya faru ne. Labari, wanda ya zo mana daga Larabci, asalinsa abin da aka ji ya auku ne, shi ya sa har gobe muke cewa labaran duniya, muke tambayar baƙo ina labari, ya ce sai alheri. Hikaya tana tsakiya, tana da ƙamshin littattafan Larabci irin su Dare Dubu da Ɗaya, ana jin ta a bakin malamai idan suna son kafa misali. Tatsuniya ce a can ƙasa. Ta dare ce, ta kaka da jikoki, ta amarya da yaran gida. Idan yaro ya matsa a yi masa ita da rana sai an ce a ɗaure Gizo tukuna. Ita ce kaɗai a cikinsu take amsa laifinta da bakinta, domin mai yin ta yakan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya.

Wannan tsani shi Rupert East ya tarar a 1933, lokacin da ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta dogayen labarai na Hausa da boko domin Hukumar Talifi da ke Zariya. Ya rubuta daga baya, a wata maƙala da ta fito a 1936, cewa wahalar da ya sha ita ce shawo kan malaman su yarda wannan aiki ne da ya dace da mutum mai daraja, domin a ganinsu rubutu na addini ne da ilimi, shirya labarin da bai faru ba kuwa sha'anin mata ne da yara. Duk da haka littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abin da aka haifa a lokacin sabo ne. Ya fi tatsuniya tsawo da nauyi, da rana ake karanta shi, kuma manya ne suka rubuta shi da sunayensu a bango. Amma bai faru ba, don haka ba a iya ce masa labari kawai a yi shiru.

Sunan da ya zauna a makarantu shi ne "ƙagaggen labari". Duk ɗalibin Hausa ya san shi, yana cikin manhaja, yana cikin takardun jarrabawa. Ni dai ban taɓa jin daɗinsa ba. A bakin mutanen gari, ƙage shi ne a ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Wanda aka yi wa ƙage kotu yake zuwa ko ya bar wa Allah. Ka ce wa dattijo 'yarsa tana zuwa koyon ƙaga labari, ka duba fuskarsa. Kalmar ta ɗauko tsohon zargin nan na cewa mai shirya labari maƙaryaci ne, ta liƙa shi a goshin sana'ar. Ina jin wannan na cikin dalilan da suka sa masu shirya taron marubuta suke neman fakewa da sunaye masu rawani irin su horaswa da ƙara wa juna sani, don abin ya yi kama da ilimi, kada a ce an tara 'ya'yan mutane ana koya musu ƙarya.

Da sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai ta mata a 2016, Hikayata ya sa mata suna. Zaɓi ne na masu kunne. Kalmar ba ta da nauyin ƙage, ba ta da ƙuruciyar tatsuniya, kuma wannan "ta" ɗin na ƙarshe ya miƙa wa mace labarin a hannunta. Su kuwa masu karatu a kasuwa da ɗakunan aure ba su jira kowa ba, "littafin Hausa" suke cewa, ko "littafin soyayya", ko "nobel". Lokacin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, an shekara da shekaru ana muhawara a jaridu a kan sunan, domin marubutan sun ji raini a cikinsa. Ƙungiyoyinsu na farko ma sunayensu amsa ce ga masu raina su. Raina Kama, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka yi fice a cikinta, rabin karin magana ce da kowa ya san ƙarshenta. Haka ma Kukan Kurciya. Mutanen da suka yi wannan faɗa a kan suna sun san suna ba abin wasa ba ne.

Akwai wata kalma da ta fi ƙage dacewa, kuma tana ƙara samun shiga: ƙirƙira. Ƙirƙirarren labari, rubutun ƙirƙira. Duk lokacin da na furta ta ina jin ƙira a cikinta, ina jin ƙarar masaba a kan uwar maƙera. Maƙeri ba maƙaryaci ba ne. Yakan ɗauki ƙarfen da kowa ya gani, tsohon sifirin na mota ko guntun bakin garma, ya sa a wuta, ya fitar da lauje wanda da babu shi. Marubuci ma haka yake yi da abin da ya gani a gidansu da unguwarsu. Idan aka karɓi wannan kalma, an karɓi cewa shirya labari sana'a ce, kuma kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da wurin koyonta.

A nan ne harshenmu ya yi wata gwaninta da ta daɗe tana burge ni. Muna da hanya guda ta gina sunan wurin aiki: maƙera, masaƙa, marina, majema, mahauta, makaranta. Kowace daga cikinsu kuma, a rubuce, ita ce sunan masu yin aikin. Maƙera wurin ƙira ne, maƙera kuma jam'in maƙeri ne. Marina ita ce inda karofi yake, kamar ta Ƙofar Mata a Kano, marina kuma su ne masu rinin. Makaranta wurin karatu ne, makaranta kuma su ne masu karatun. Karin sauti ne ke raba su a baki. Idan wurin ake nufi, murya a sama take tafiya daga farko har ƙarshe. Idan mutanen ake nufi, sai ta sauka a tsakiya ta sake hawa. Bisa wannan ƙa'ida, wurin da ake rubutu sunansa marubuta, da murya a sama. Kalmar tana nan kwance a cikin nahawun harshen, ba a dai tashe ta ba. Kuma hikimar da ke cikin wannan gini ita ce ainihin abin da ake nema: wurin da mutanen abu ɗaya ne. Babu maƙera idan babu maƙera a zaune suna aiki. Yaron da aka kai koyo ba a karanta masa ƙasida a kan ƙarfe. Zuga-zugi ake ba shi ya yi ta busa wuta, yana kallon hannun maigidansa, har ranar da za a miƙa masa guntun ƙarfe a ce ya fitar da ƙusa. Idan ta karkace a mai da ita wuta a gabansa.

Na so ƙwarai in ce mu ɗauki wannan kalma. Abin da ya hana ni shi ne rubutun boko ba ya nuna karin sauti, kuma "marubuta" ta riga ta zauna daram a matsayin jam'in marubuci. Wanda ya ga an rubuta "za a buɗe marubuta ranar Asabar" zai ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Makaranta ta tsira da ma'anoninta biyu domin tare suka girma. Wannan kuwa sai an yi mata dashe, kuma kalmar da aka dasa da ƙarfi ba kasafai take kamawa ba.

Wasu ƙungiyoyi sun zaɓi sunayen wuri na gargajiya: dandalin marubuta, zauren marubuta, tsangayar marubuta, inuwar marubuta. Dandali na wasa ne da baje koli, zaure na hira da karɓar baƙi, inuwa ta hutu da kariya. Duk suna da kyau ga ƙungiya. Tsangaya ce ta fi jan hankalina, saboda wani abu da ake yi a cikinta wanda 'yan boko da yawa ba su sani ba. Gardi mai neman hadda yakan rubuta karatunsa a allo da ka, ba tare da duba Alƙur'ani ba, abin da ake kira satu. Sannan ya kai allon zaman darasu, inda alaramma zai bi shi harafi bayan harafi, sauran gardawa suna kewaye suna saurare. Wasali ɗaya da ya kauce sai an tsaya a kansa an gyara. Ba ina kwatanta Littafin Allah da labarin da ɗan Adam ya shirya ba ne, Allah ya tsare. Siffar zaman nake nufi. Kowa da allonsa ya zo. Abin da hannunsa ya rubuta shi ake dubawa. A gaban jama'a ake gyaran, kuma wanda aka yi wa gyara ba ya jin an ci masa mutunci, domin gobe allon wani za a duba. Mun daɗe da wannan tsari a ƙasar nan kafin a kafa jami'ar da ta yi suna da shi a Amurka.

Wannan ya kawo ni ga kalmomin gyaran kansu, inda nake ganin ciwon ya fi tsanani. Me muke kiran abin da abokin zama zai yi wa rubutunka? Suka tana da kaifi, daga mashi da wuƙa ta zo. Marubuta sukan ce za a feɗe littafi, kuma abin da ake feɗewa ya riga ya mutu. Tarke na malaman jami'a ne. Sharhi da tsokaci sun yi laushi, sau da yawa yabo ne ake yi wa littafin da an riga an buga, ranar ƙaddamarwa, marubucin yana sanye da babbar riga. Tacewa da ta dace da aikin edita, tunda ana tace koko a fitar da dusa, ta koma sunan hukuma tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, har marubuci in ya ji an ce za a tace littafinsa sai gabansa ya faɗi. Kalmar da ta rage mai tsabta ita ce gyara, kuma Bahaushe ya riga ya wanke ta da ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Amma gyara a gaban mutane yana karo da tarbiyyarmu ta kara da alkunya. Yarinya 'yar shekara ashirin ba za ta dubi Hajiya mai littafi talatin ta ce, "Anti, babin nan na uku bai yi ba." Saurayi ba zai ce wa wanda yake kira Malam ko Yaya tauraron labarinsa ba shi da jini a jika ba. Abin da za ka ji shi ne, "Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira," a wuce. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta gyara babi na uku. Wasu kuma sukan toshe ƙofar tun daga nesa da cewa rubutu baiwa ce, ba a koyar da shi. Baiwa gaskiya ce. Sai dai muryar mawaƙi ma baiwa ce, kuma ɗan amshi yakan shekara goma a bayan ubangidansa kafin ya kafa nasa kiɗan. Abubakar Imam yana da baiwar da ba a musu, amma a 1936 sai da aka ɗauke shi daga aikin koyarwa a Midil ta Katsina aka kai shi Zariya, ya zauna watanni tare da East, an tara masa littattafan labarai na Gabas da na Turai, yana rubutawa ana dubawa ana tattaunawa. Daga wannan zama Magana Jari Ce ya fito, littafi uku. Ba a rataya ƙyalle a ƙofa ba, ba a raba takardar shaida ba, ba a ma sa wa zaman suna ba.

To, bita. A kunnena daga "bi" ta fito, wato a sake bin abin da aka riga aka bi. Ɗalibi yana bitar karatunsa kafin jarrabawa. 'Yan wasan kwaikwayo suna bita kafin su hau dandamali. Maniyyata suna zuwa bita kafin tafiya Makka, inda ake kafa siffar Ka'aba a fili su kewaya ta da ƙafafunsu, su gwada ɗaura harami da hannunsu. A duk waɗannan, ba a bitar abin da babu shi. Sai an yi karatun ake bitarsa, sai an rubuta wasan ake bitarsa. Kalmar da kanta tana tambayar mai zuwa: ina abin da ka zo da shi? Kuma duk wanda ya taɓa rubuta labari ya san rubutun farko somin taɓi ne, aikin yana cikin komawa a bi shi layi-layi, a cire, a ƙara, a sake. Ashe tun farko muna da kalmar da ta dace, ofisoshi ne suka tsotse mata ma'ana har ta zama sunan kowane taro da ake raba jaka da biro da kuɗin zama.

Abin da ya ɓata ta, a ganina, kalmar da ake gaba da ita ce, wato taro. Taro na biki ne da suna da siyasa, ana auna nasararsa da yawan kawuna, kuma dole a yi masa babban baƙo da uban taro da mai masaukin baƙi. Mutum ɗari biyu ba za su iya bin labarin kowa layi-layi ba ko da wata guda za su yi. Abin da ake buƙata zama ne, irin zaman darasu, irin zaman da ake yi a maƙera: mutum goma ko sha biyu, a kan tabarma ko kewaye da tebur guda, kowa ya san sunan kowa. Na taɓa kasancewa a irin wannan, mu tara, a wani aji da aka ara mana ranar Lahadi. Mun shafe awa biyu a kan shafi huɗu na wani matashi da ya rubuta mutuwar mahaifin tauraronsa. Wata baiwar Allah a cikinmu ta ce masa, "Ɗan'uwa, ka ce kowa ya yi kuka, amma ban ga kowa ba. Wa ya karɓi butar da aka yi masa alwalar ƙarshe da ita?" Ya yi shiru, sannan ya ce ƙanwarsa ce, kuma a gaske haka aka yi a gidansu. Da ya dawo bayan mako biyu, ƙanwar da butar suna cikin labarin, kuma da ya karanta babu wanda ya iya ɗaga kai.

Saboda haka ni "zaman bita" nake kiransa, zaman bitar rubutu, kuma shi nake roƙon ƙungiyoyin marubuta da sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji da duk mai ɗaukar nauyin irin wannan aiki su riƙa rubutawa a takardar gayyata. Idan lacca za ku shirya, ku kira ta lacca, tana da amfaninta kuma za mu zo. Idan kuwa kun ce bita, to ku sa sharaɗi kowa ya aiko da shafi biyar na abin da ya rubuta mako biyu kafin ranar, ku raba wa mahalarta su karanta a gida, ku taƙaita adadin, ku sanar tun a ƙofa cewa a wannan zama ƙarami na iya yi wa babba gyara cikin ladabi. Kuɗin ƙyalle da na babban tebur ku sayi takarda da su ku buga rubutun yaran. Yarinyar nan mai littafi a cinya, da ire-irenta a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, abin da suke jira shi ne wani ya karɓi littafin ya buɗe, ya karanta, ya gaya musu gaskiya.